Ƙarfen Bakin Burtali

Tun daga kan hanyar Durun, kafin mota ta sauke ta, Badi'a ta hango ƙarfen. Ya zarce kan gero, ya zarce ɗorawar da ke bakin gonar mahaifinta, yana tsaye shi kaɗai. Da ta matso sai ta ga tsofaffin bututan rijiyar burtsatse ne aka jona da walda, aka kafa a ƙasa, aka ɗaure da wayoyi ta kowane gefe. Ba sai an gaya mata aikin wane ne ba.

Mahaifinta, Malam Uwaisu, ya koyar da fiziks a wata sakandare a Gwarzo har zuwa shekarun da gwamnati ta ce a tsuke bakin aljihu. Aka rage ma'aikata, ragin ya ci da shi. Ya kwaso iyalinsa ya dawo ƙauyensu, yana noma da damina, da rani yana gyaran rediyo a zaure. Abin da ya dawo da shi daga makaranta bai wuce kwalin tsofaffin mujallu ba, sai madubin hangen nesa da ya haɗa da hannunsa. A cikin mujallun nan ya ci karo da ra'ayin wasu 'yan tsirarun mutane a ƙasashen waje, masu cewa wutar lantarki ce ke tafiyar da yawancin abin da ake gani a sararin sama. A wajensu rana kamar dogon ƙwan lantarki take, iska ce mai ɗauke da wuta take ba da haske. Ramukan jikin wata kuwa ba duwatsu ne suka faɗa suka haƙa su ba, aradu ce, irin wadda ba a taɓa ganin girmanta a duniya ba. Ra'ayin nan ya shiga ran Malam Uwaisu ya zauna daram. Shekara da shekaru ba shi da zance sai shi.

Badi'a ce ta gaje shi. Ta yi kwalejin horon malamai, ta yi aure a Kabo, tana koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata. Ita kaɗai ce kuma take iya yi masa musu. Wannan karon hutun ƙarshen shekara ne ya kawo ta gida.

Bayan an gaisa, an tambayi mutanen Kabo, ta ci abinci, sai ta same shi a zaure.

"Baba, ƙarfen nan na gona fa?"

Fuskarsa ta washe. Ya jawo wani faranti daga ƙarƙashin tebur, an shafe shi da yumɓu, yumɓun duk ƙananan ramuka kamar zanzana.

"Da kwayil ɗin mota na yi waɗannan, tartsatsin wuta kawai. Duba da kyau. Kowanne a zagaye yake, wasu har da ɗan tudu a tsakiya. In wata ya fito ki leƙa ki gaya mini bambancinsu. In da jifa ne, ai wani dutsen zai zo a karkace ya ja dogon rami. Me ya sa duk suke a zagaye?"

"Saboda gudun dutsen, Baba. In ya zo da irin wannan gudun fashewa yake yi, fashewa kuwa a zagaye take haƙawa ko ta ina ya fito. Kuma an je watan nan, an ɗebo duwatsunsa, an auna."

"Sun auna abin da suka je nema," in ji shi. Ya mayar da farantin. "Tartsatsin kwayil wasan yara ne. Ina so in ga abin da aradu ta gaske za ta yi wa ƙasa. Na yi daɓen yumɓu a gindin ƙarfen, na sauko da wayar tagulla ta tsaya a samansa. In ta faɗa, za ta tsallaka daga wayar zuwa daɓen. In ɗauki hoto in aika jami'a, mu ga bakin da za su yi musu da shi."

"Baba, burtali ne a gefen. Mutane na bi, shanu na bi."

"Wa zai bi burtali ana tsawa? Kuma na kewaye wurin da ƙaya."

Mahaifiyarta, Uwaliya, ta ɗaga labulen ƙofar cikin gida. "Ki dai gaya masa. Ni bakina ya gaji. Har a gidan suna an fara tambayata me Malam yake kira da ƙarfen nan."

Badi'a ta gane abin da ake nufi. Damina ta farko ke nan da fara aiki da Shari'a a Kano. An rufe gidajen giya, 'yan bori sun ɓoye garayarsu, bokaye da yawa sun sauya gari, kowa kunnensa a buɗe yake. A ƙasar nan kuwa tun kaka da kakanni ake zancen masu tura aradu: a yi wa mutum sata, ya je wurin boka, hadari na tasowa ta faɗa kan ɓarawo. Ga shi kuma bara an yi cacar baki tsakanin Malam Uwaisu da maƙwabcinsa na gona, Mijinyawa, wanda iyayensa makiyaya ne, shi ya zauna yana noma da kiwo. Shanunsa ne suka ɓalle daga burtali suka shiga gero, magana ta kai har gaban dagaci.

Ta yi niyyar ta bari ya huce, gobe ta sake tuntuɓarsa, ko da kuka ne ta sa ya sauke ƙarfen.

Kashegari bayan azahar hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Badi'a da Uwaliya suna ta kwashe shanya, Malam Uwaisu yana tsaye a bakin zaure da kyamara a cikin leda, idonsa a kan gona. Ruwa ya kece. Can sai wani farin haske ya cika tsakar gida, ƙarar ta zo tare da shi, har kwanukan da ke jere a ɗaki suka amsa. Uwaliya ta durƙushe tana salati.

"Ta faɗa!" in ji Malam Uwaisu. Ya fita a guje cikin ruwan.

Badi'a ta ja mayafi ta bi shi. Ba a gindin ƙarfen ta same shi ba. Yana tsaye a bakin burtali kamar an dasa shi, kyamarar ta faɗi cikin taɓo. A gabansa Furera ce, matar Mijinyawa, kwance ruf da ciki. Ta kai abinci gona, ruwa ya tare ta, ta yanko ta burtali don ta yi sauri. Kwanon ya yi gefe guda, takalminta ɗaya ya yi wani gefen. Daɓen yumɓun yana nan lafiya lau, ruwa kawai ke dukansa. Aradun ta bi ɗaya daga wayoyin da aka ɗaure ƙarfen da su, wadda turkenta ke bakin hanya.

Mutane suka fara taruwa, amma kowa ya tsaya daga nesa. Wani yana ihu a kawo nono, don an ce wanda aradu ta taɓa ba a taɓa shi sai an yayyafa masa nono. Badi'a ba ta jira ba. Ta durƙusa ta juyo da Furera, ta kara kunne a ƙirjinta.

"Da ranta! Tana numfashi! A nemo mota!"

Mijinyawa ya iso jiƙe sharkaf, ya ture mutane ya ɗauki matarsa. Aka samu akori-kurar da ke kai hatsi kasuwa. Badi'a ta hau baya ta tallafe kan Furera a cinyarta har asibiti a Gwarzo.

A ɗakin mata, ita ta taimaka wa nas aka cire jiƙaƙƙun kayan. A nan suka ga abin. Daga kafaɗar Furera ta dama wani jan zane ya sauko har gadon bayanta, ya yi reshe, kowane reshe ya sake yin ƙananan rassa, kamar an zana bishiyar da ba ganye da lalle. Dangin Furera mata da suka biyo baya suka ɗauki salati. Wata tsohuwa ta ja da baya ta ce, "Wannan rubutu ne. Hannu ne ya yi wannan."

Nas ɗin ta ce ta taɓa gani, haka aradu kan bar shaida a jikin wasu, kuma da kansa yake gogewa. Ba wanda ya saurare ta. Kafin magariba Furera ta buɗe ido. Ta gane mijinta, amma in an yi magana ta damanta ba ta juyowa.

Da safe Badi'a ta dawo gida. Ta tarar da mahaifinta a zaure da rigar jiya a jikinsa, ko karyawa bai yi ba.

"Yaya jikin nata?"

"Ta farfaɗo, Baba. Sai dai kunnenta ɗaya ba ya ji."

Ya rufe fuskarsa da tafin hannu. "Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi. Da ta mutu ina zan sa kaina?"

Ganin halin da yake ciki ya sa ta zauna ta ba shi labarin komai, har da zanen da maganar tsohuwar, don ya san abin da ke tafe. Sai ta ga ya ɗago kai a hankali. Idonsa ya canza.

"Reshe-reshe kika ce? Manya suna haifar ƙanana? Badi'a, irin wannan zanen yana nan a hoton kwazazzaban wata duniyar, na nuna miki a mujalla. Kafin ya goge, ba yadda za a yi a ɗauki hotonsa?"

"Baba!"

Ta makara. Mijinyawa yana tsaye a bakin zaure. Ya dawo ɗaukar wa matarsa kaya ne ya biyo, ko sallama bai kai ga yi ba.

"Hoto?" in ji Mijinyawa. "Iyalina na kwance rai a hannun Allah, kai hoton bayanta kake nema? Ashe aikinka ne ya ci kake son shaida. Don shanuna sun ci maka gero, Malam Uwaisu? Ai da ni ka tura wa."

"Mijinyawa, wallahi ba haka nake nufi ba. Tsaya ka ji."

Bai tsaya ba.

Ana idar da sallar azahar ƙofar gidan ta cika. Matasa ne da sanduna, da dattawa a bayansu suna cewa a yi haƙuri, amma maganar ba ta kai zuci ba. Uwaliya ta kulle ƙofar cikin gida tana kuka. Badi'a ta leƙa ta ga Malam Jibirin, shugaban 'yan Hisbar yankin, ya tsaya a bakin zaure ya tare hanya. Tela ne, gajere, ba ya ɗaga murya.

"Shari'a muka roƙa, aka ba mu," yake cewa. "Duk wanda ya ɗaga sanda yau, shi ya fara taka ta. Akwai alƙali a Kabo. Ni zan kai shi da hannuna."

"Ba inda za shi," in ji Mijinyawa, "sai an tone abin da ya binne a gindin ƙarfen nan, a gabansa."

Jama'a suka ɗauka da ihu. Malam Jibirin ya yi nazari. A ganinsa in aka tona ba a ga komai ba, zukata za su yi sanyi. Ya amince. Aka fito da Malam Uwaisu, 'yan Hisba biyu suna riƙe da shi, aka ɗunguma zuwa gona.

Badi'a ta bi su a baya. Tana fita daga cikin gidaje ta dubi gabas. Hadari ya sake haɗowa, ya fi na jiya duhu, kuma kowa ya ba shi baya.

Aka janye ƙayar. Wasu suka hau daɓen da fartanya, wasu suka rungumi ƙarfen suna jijjiga shi, wani ya fara hawa don ya kwance wayoyin sama. Iskar da ke kaɗawa ta tsaya cak. Ganyen gero ya daina motsi. Badi'a ta ji gashin hannunta yana miƙewa. Ta kasa kunne, a ƙarƙashin hayaniyar mutane akwai wani sauti siriri, kamar ƙudan zuma a cikin tulu. Daga jikin ƙarfen yake fitowa. Ta ɗaga kai ta ga wani ɗan shuɗin haske yana rawa a ƙarshensa.

"Ku matsa! Don Allah ku sake shi ku matsa!"

Muryarta ta nutse. Wani ya waiwayo ya ce duk mata su koma gida. Ta kutsa ta kamo hannun rigar mahaifinta.

"Baba, ka ji?"

Ya ji. Ya fizge daga hannun masu riƙe da shi, ya buɗe muryar da ya daɗe bai yi amfani da ita ba, ta malamin da ke tsawata wa aji.

"Ku sake shi! Wallahi yanzu za ta sake faɗowa! Duk wanda ya tsaya a nan ya mutu!"

Wuri ya yi tsit, sannan ya fashe. Wanda ke sama ya saki hannu ya faɗo ya tashi da gudu. Aka watsar da fartanyu, aka tattake gero, babba da yaro kowa ya yi ta kansa. Badi'a tana jan mahaifinta suna gudu tana jin abin da ake faɗa a gefenta: "Ya ce zai sake turo ta! Kun ji da bakinsa!"

Ba su kai burtali ba haske ya tsaga sama. Ba ta faɗa kan ƙarfen ba, can hayin rafi ta sauka, amma ƙarar ta durƙusar da mutane da yawa. Ruwa ya biyo baya.

Malam Jibirin ya cim musu yana haki. Ya damƙi hannun Malam Uwaisu.

"Malam, ka ceci mutane, amma ka ƙara wa kanka. In ka kwana a garin nan ba zan iya tsare ka ba." Ya juya ga Badi'a. "Malama, ki koma wurin mahaifiyarki. Ku same mu a Kabo."

Ya ɗora shi a bayan babur cikin ruwan, suka tafi kafin jama'a su sake haɗuwa.

Ranar da aka zauna, kotun ta cika har tagogi. Badi'a tana gefen mata tare da Uwaliya. Mijinyawa ya faɗi ƙararsa: rigimar bara, ƙarfen, zanen da ke bayan matarsa, neman hoto, da maganar da kowa ya ji a gona. Alƙali, wani dattijo mai farin gemu, ya saurare shi har ya gama, sannan ya dubi Malam Uwaisu.

"Me ka kafa ƙarfen nan ka yi da shi?"

Da ma a ce ya gajarta. Amma shekara nawa yana jiran ranar da manya za su zauna su saurare shi. Ya fara daga rana, ya gangaro kan iska mai ɗauke da wuta, ya iso kan wata. Da ya ce aradu ce ta yi ramukan jikin wata, sai gunaguni ya tashi. Wani daga taga ya ce, "Kun ji, wai ba Allah ya yi wata ba!" Masu a'uziyya suka fara. Badi'a ta ga ƙarar tana shirin sauya kama, daga sihiri zuwa abin da ya fi shi muni. Ta miƙe.

"Allah ya gafarta Malam, ina neman izini. Ni 'yarsa ce, kuma abin da ya koyar nake koyarwa."

Alƙali ya tsawatar aka yi shiru. Ya ce ta matso.

"Kin taɓa ganin ya yi yanka, ko surkulle, ko ya binne wani abu a wurin nan?"

"Ban taɓa ba. An kuma tona, yumɓu ne kawai."

Malam Jibirin ya tabbatar da haka, ya ce ya koma da kansa ya ƙarasa tonon a gaban dagaci.

"To me ya kai aradu wurin?"

"Ƙarfen ne, Allah ya gafarta Malam. Aradu ta fi faɗa wa abin da ya fi tsawo, balle ƙarfe. Shi ya sa ake sa wa dogayen gine-gine ɗan ƙarfe a ka, a ja waya har cikin ƙasa, don ta bi ta nan ta wuce. Ba ya bukatar boka. Ko wa ya kafa shi haka za ta yi."

"Mahaifinki ya san da haka?"

Ta ga inda tambayar ta nufa, ba kuma wata hanyar da za ta fitar da shi daga waccan tuhumar sai wannan.

"Ya sani. Don ta faɗa ya kafa shi. Amma kan yumɓu yake so ta faɗa, ba kan mutum ba."

"An gaya masa akwai haɗari ga masu bin hanya?"

"An gaya masa."

"Wa ya gaya masa?"

"Ni."

Uwaliya ta fashe da kuka. Malam Uwaisu bai ɗago ba.

"Saura guda," in ji alƙali. "Abin da ya faɗa game da wata, haka yake a iliminku?"

Badi'a ta dubi mahaifinta. Yanzu kam ya ɗago, yana kallonta.

"Ba haka masana suka tabbatar ba. Abin da hujja ta nuna, duwatsu ne suka faɗa. Ni ban yarda da ra'ayinsa ba, ba na kuma koya wa ɗalibaina shi. Amma, Allah ya gafarta Malam, bai taɓa cewa wani ne ya halicci wata ba Allah ba. Sababin yake nema, kamar mai tambayar ko iskar gabas ce ke kawo ruwa ko ta yamma. In ya yi kuskure, kuskuren ɗalibi ne. Shi ya koya mini sallah."

Alƙali ya juya ga Mijinyawa. "Zanen da ka ce, yana nan?"

Mijinyawa mutum ne da ba ya ƙarya ko a kan maƙiyinsa.

"Ya goge. Da kansa, kamar yadda ma'aikaciyar asibiti ta faɗa. Amma kunnen bai dawo ba."

Alƙali ya yanke hukunci. Ya ce babu hujjar sihiri ko ɗaya, kuma jifan Musulmi da wannan kalma ba tare da hujja ba babban abu ne, duk wanda ya sake furta ta zai gamu da kotu. Amma ganganci ya tabbata: mutum ya kafa abin da ya san yana jawo halaka a bakin hanyar jama'a, an gargaɗe shi ya ƙi ji. Jinyar Furera tana wuyansa, haka hakkin kunnenta, a zauna da dagaci a daidaita. A sauke ƙarfen ranar da sama ta washe, kada ya sake kafa irinsa.

Malam Uwaisu ya ce ya karɓa. Ya juya ga Mijinyawa ya ce, "Na cuce ka, na cuci iyalinka. Ka yafe mini." Mijinyawa ya dubi ƙasa, ya fita.

Suka hau motar komawa, suka wuce gadar da ke kafin Durun. Sannan Malam Uwaisu ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Maganar ƙarfen gaskiya kika faɗa. Ta wata ce da ba sai kin faɗa a gaban mutane ba."

"An tambaye ni, Baba."

"Na sani," in ji shi.

Aka sauke ƙarfen, aka sayar wa maƙera. A zaman sulhu ya bar wa Mijinyawa gefen gonar da ke bakin burtali. Hukuncin alƙali ya hana a faɗi kalmar a fili, amma bai hana mutane sauya hanya in sun hango shi ba. Ba wanda ya sake kawo rediyo zaurensa. A masallaci sai ya ga gefensa ya zauna da gurbi. Bayan an yi girbi ya kwashe iyalinsa ya koma Gwarzo, ya kama ɗan shago kusa da tasha. Bai bar ra'ayinsa ba, Uwaliya ta ce har yanzu yakan zauna da mujallunsa, sai dai bai ƙara ɗauko zancen a gaban Badi'a ba. In ta zo sukan gaisa, ya tambayi maigidanta da makaranta, hira ta tsaya nan.

Da rani Badi'a ta je duba Furera. Ta same ta a tsakar gida tana sussukar gero, ta rame. Furera ta shimfiɗa mata tabarma, ta zauna ta juyo da kunnenta na hagu. Ta ce ko guga ya faɗa rijiya sai gabanta ya faɗi, ba ta san yadda za ta yi da damina mai zuwa ba.

"An ce ke kika ɗaga ni, ranar da kowa ya ƙi taɓa ni."

"Allah ne ya yi da sauran kwana, Inna."

"Haka ne." Furera ta ci gaba da tsince tsakuwa daga cikin geron. "Malam ya aiko sau da yawa yana son ya zo. Ki ce masa na yafe, duniya da lahira. Na san ba ni ya nufa ba. Amma kada ya zo. In na gan shi ƙarar nan zan sake ji."

Badi'a ta kai saƙon a ranar. Ta same shi a shago ya buɗe bayan wata rediyo. Ya saurare ta har ta gama, ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Ta kyauta," ya ce. "Ta fi ni."

Ya tashi ya jawo mata benci, ya aika a sayo mata fura, ya ce ta zauna rana ta yi sanyi kafin ta nemi motar Kabo.